Ranar da Aka Haska Mangwaron Saratu

Bakura

Ana sallame Asuba ranar Litinin na fita. Ƙanwata Saratu ce ta aiko daga Maradun: ranar Talata masu mota za su tsinke mangwaron lambun da mijinta ya bari, ita kuwa ba ta san ko ya ƙosa ba. In aka cire shi bai ƙosa ba yamushewa zai yi a hanya, dillali kuma ba zai sake taka ƙofarta ba. Da lambun nan take riƙon marayu huɗu.

Talata Mafara

Shingen jami'an tsaro biyu motarmu ta wuce, muka iso rana na ɗagowa. Na sha kunu da ƙosai a tasha. Direban Maradun ya ce sai an ƙara mutum ɗaya. Na tambaye shi ko a kansa zai ɗora shi. Ya ta da mota.

Maradun

Ƙarfe goma, in ji direba. A lambu na iske malamin gona, Malam Garba, riƙe da wata na'ura kamar tocila. Da muka gama gaisawa ya ce haskenta ido ba ya ganinsa; yana ratsa ɓawo ya dawo ya faɗi ko mangwaro ya ƙosa, ba yanka ba cizo. Ya haska wajen ashirin, duk sun yi. Saratu har ta fara murna.

Ni kuwa ƙafarsa nake kallo. Gefen rana kawai yake bi, inda hannu ke kaiwa.

"Malam, na ƙurya fa? Su ba ɗiyan iccen ba ne?"

"Inna, ai duk guda ne."

"Shiga ka haska."

Bawan Allah bai yi musu ba. Ya naɗe hannun riga ya kutsa cikin rassa, cinnaku na cizonsa. Ya daɗe. Ya fito yana sosa wuya, ya ce fiye da rabi sai sun ƙara kwana goma. Ban taɓa ganin ɗan boko ya karɓi gyara da sauƙi haka ba. Na ɓara masa goro.

Da dillali ya iso lambun ya ji, ya so ya yi gardama. Malam ya haska na gefe, ya haska na ƙurya, ya nuna masa bambancin. Aka shirya: na gefe gobe, sauran su jira. Saratu ta juya baya tana goge ido da mayafi.

Komawa

Na kwana, na ci tuwon dawa da miyar kuka. Washegari kasuwar Mafara ke ci, mota ta yi wuya, sai la'asar sakaliya na shiga gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Garba. Bayan mako biyu Saratu ta aiko cewa dillalin ya dawo da kansa, yana roƙon ta ajiye masa na baɗi.