Tsuntsayen Baffa Tangi

Baffana Tangi gishiri yake kwasa a bakin tekun Bretaniya, inda ruwan teku ke kutsowa ya kwanta a tafkuna. Bai yi aure ba, ba ya fara'a da kowa. Amma duk bazara, idan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen baki suka dawo daga kudu, sai ka ga haƙoransa. A tudun lakar da ke tsakiyar tafkinsa suke yin ƙwai, shi kuwa ya bi gari yana baza labari kamar shi ya haife su.

Wata shekara suka zo, suka tsallake shi, suka sauka a tafkin maƙwabciyarsa Soizig, wadda ta baro birni ta koyi aikin da girmanta.

Wayyo, Baffa! Ko man shanun da yake laftawa a burodi ya daina yi masa daɗi.

"Me ta fi ni da shi?" ya ce da ni. "Matar da ko manjagarar jan gishiri ba ta iya riƙewa ba!"

"Baffa, tsuntsu ne fa. Ba takarda suka sa maka hannu ba."

"Rufe min baki."

Soizig kuma, ba da mugunta ba, kullum sai ta ɗago masa hannu. "Maƙwabci, sun ƙaru fa! Zo ka gani!" Shi ko kallo ba ta ishe shi ba.

Magudana ɗaya ke shayar da tafkunan biyu, katakon tare ruwan kuwa a gefen Baffa yake. Ya danna shi ya toshe nata. A tunaninsa, in wurinta ya ƙafe za su taso su dawo masa. Abin haushin, ya fi kowa sanin ruwan ne katangarsu. Kishi ya rufe masa ido.

Laka ta bushe. Yanyawa ta tako a ƙasa har tudun da suka yi ƙwai a tafkin Soizig, ta bi sheƙa ɗai-ɗai tana cinye ƙwan.

Soizig ta same shi yana jan gishiri. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannunsa ta juye masa ɓawon ƙwai a tafi.

"Saura kaɗan su ƙyanƙyashe," ta ce. "Kai na so in fara kira, don ni ban san yadda ake kula da 'ya'yan ba."