An Mayar Musu Da Tsatsar Ubansu

Duk wanda zai sake ce mini "ai ƙarfe ne kawai", ya fara zuwa ya duba hannun yayana na dama. Yatsu uku sun kwanta gefe kamar tsintsiyar da aka taka, kuma a kan ƙarfen nan suka kwanta.

Yayana fanabita ne, mai daidaita jikin mota idan ta lotse. A gareji Mai Shafa ake ce masa, don ba ya yarda da idonsa. Sai ya runtse ido ya bi jikin mota da tafin hannu a hankali, kamar mai neman zazzaɓi a goshin jariri, ya ce, "Nan da saura." Yana da wata ɗabi'a da ake masa dariya a kai: duk abin da ya cire daga motar mutum, ko ruɓaɓɓen noti ne, ba ya yarwa. Buhu yake sawa ya ɗaure ya jibge a bayan shago.

"Kayan mutane ne," in ji shi. "Ran da mai shi ya tambaya fa?"

Matarsa ta sha cewa ɓera aka so haifa aka same shi.

Motar ta wani tsohon likita ce. Irin dogayen motocin manya ce ta da, mai ƙofa biyu, rufinta na tamfol, a naɗe shi baya a bar kai a buɗe. Ta shekara ashirin a bayan gidansa kan duwatsu huɗu, kaji na saka ƙwai a kujerar direba. Yaya ya je gyaran ƙofar gidan, ya gan ta, ya kasa tafiya. Likita ya ce, "Ɗauke ta, ɗana. 'Ya'yana sun ce tana ɓata musu gida."

Na ce, "Yaya, ka sa ya rubuta."

"Haba ƙanwata! Dattijo ya yi mini kyauta in ce ya sa hannu? Da wane idon?"

Wannan kunyar ce ta ci mu.

Shekara shida yana kanta. Ƙofofi, bonet, kumatun da ke rufe taya, duk daga fallen ƙarfe ya buge su da guduma, don babu inda ake sayar da irinsu. Ni ɗinkin kujeru da labule nake yi, ni ya ɗora wa aikin fata da tamfol. Allura goma sha ɗaya na karya, ina ɗinki ina zaginsa. Likita ya rasu a shekara ta huɗu, bai gan ta ba.

Ran da aka gama, na dinga zagaya ta ina kallo. Koriya ce mai duhu, kana ganin fuskarka a jikinta har da furfura. Kujeru ruwan zuma, katakon gaban direba yana sheƙi, ƙarar injin a ƙirji kake jinta kafin kunne. Ya naɗe rufin ya ce, "Shigo, sarkin mita." Muka hau titi da safe. Masu shaguna suka fito, wani mai babur ya kusa shiga kwata garin waige. Iska ta fizge mini ɗankwali, ban ko juya ba. Ni da na aurar da 'ya, na dinga ƙyaƙyata dariya kamar yarinya. Duk rayuwarmu motar wasu muke gyarawa, ranar mu ake kallo.

Kallon ne ya jawo. Wani ya ɗauki hoto a waya, kwana uku ya isa hannun babban ɗan likita, wani mai zobe a kowane yatsa. Da tsakar rana ya shigo gareji da ƙarti uku, ina shagon na kawo murfin kujera.

"Kai ne ɓarawon motar ubana?"

"Ubanka ne ya ba ni, ranka ya daɗe."

"Ina takarda?"

Yaya ya matsa ya tsaya a bakin ƙofar motar, wadda take buɗe, ya dafa ginshiƙin da hannun dama. Mai Zobe ya ce ya ba da makulli, Yaya ya ce ba zai bayar ba. Ɗaya daga ƙartin ya shaƙo wuyansa ta baya, ɗaya ya danne hannun a inda yake. Mai Zobe ya kama ƙofar, ƙofar da Yaya ya yi wata biyu yana bugawa, ya maka ta. Na ji ƙarar kamar an karya busasshen kara. Ya buɗe ya sake makawa. Ya sake. Jini ya gangara kan koren fenti, Yaya bai yi ihu ba, numfashi kawai yake ja ta haƙori.

Ni na yi ihun. Na rarumi sifana mafi girma a kan benci na sauke wa wanda ya shaƙe shi a ƙeya, ya zube a kan gwiwa. Na ukun ya naushe ni a baki, haƙorina na gaba ya bi jini ya fita. Ban saki sifanar ba, na samu gwiwar hannunsa. Kafin nan masu walda da bakanikai sun cika wurin, kowa da abin da ya ɗauko. Mai Zobe ya ja da baya yana nuna mu da yatsa, suka ja nasu suka fita.

Aka kai magana gaban hukuma. Can aka duba takardun mota, sunan likita ne, aka ce ta magada ce, a miƙa ta cikin mako guda. Maganar yatsu kuma, aka ce ai ni ma na fasa kan mutum, a yafi juna. A yafi juna! Kan ƙaton ya warke cikin sati biyu.

Mun fito, Yaya da hannu a naɗe, ya ce, "Motar ubansu suka ce, ko?"

"Haka suka ce."

"To, a kwanto buhunan."

Kwana biyar muka yi. Yana zaune kan kifaffen bokiti yana nuni da hagu, abokan aikinsa na kwancewa. Duk abin da ya buga ko ya sayo aka cire, duk abin da ya tarar aka mayar. Ruɓaɓɓun ƙofofi, bonet mai huji, matattun hanjin inji, kujerun da ɓera ya cinye, babu abin da ya ɓata. Wani bakanike ya ce, "Mai Shafa, kashin kajin fa, bai shiga buhu ba?" Ranar Yaya ya fara dariya. Ni na farke tamfol ɗina da hannuna, na mayar da tsumman da na tarar.

Mai Zobe ya zo da direba da sabon tabarau. Ya tarar da motar kan duwatsu huɗu.

"Mene ne wannan?"

Yaya ya ce, "Motar ubanka. Ƙirga, ko noti bai ɓata ba."

Mai Zobe ya waiwaya, ya ga mutum goma sha biyu a tsaye da guduma, ni a gaba da giɓina. Haushi ya sa ya kai wa ƙofar hauri. Ƙafarsa ta ɓurma cikin tsatsa har ƙauri, da ya fizgo ƙarfen ya tsaga wando da naman tare. Babu wanda ya miƙa masa ko tsumma. Washegari suka turo janwe ya ja ta.

Hannun bai ƙara riƙe guduma ba. Yanzu wasu ke bugu, shi yana shafawa da hagu yana cewa nan da saura. Ƙofofin da bonet suna jingine a ɗakin ɗinkina, sun cinye mini rabin wuri, yakan zo ya goge su. Shekaranjiya ya zo ya ce an ba shi labarin wata gawar mota irinta a wurin masu gwangwan.

Na ce, "A rubuce, Yaya. Ko ka mutu don kunya, a rubuce."

Ya ce, "Ke za ki riƙe biron."