Injin Alhaji Mode da Ke Kiwo

Har gobe ban mantawa da ranar da Alhaji Mode, wani manomin albasa a Shagari, ya kira shagonmu na Bodinga yana cewa injin ban-ruwansa ya mutu. Lokacin ina ƙaramin makanike, tsakiyar rani.

Ga yadda aikinmu yake. Kowane inji muna liƙa masa 'yar na'ura mai aiko da zafinsa da motsinsa da inda yake. A kwamfuta akwai kwafinsa, muna kiransa ɗan tagwai. Idan ɗan tagwai ya nuna wani ƙarfe ya ci, sai mu buga sabo da injin ɗab'in kayan gyara, ba sai an jira kaya daga Legas ba.

Ogana, Injiniya Bello, ya duba kwamfuta ya ce, "Alhaji, injinka lafiya lau. Ga shi yana motsi."

"Injiniya, gabanai nike tsaye! Albasa na ƙonewa!"

Oga ya ce tsarin aiki bai yarda a buga komai ba sai ɗan tagwai ya nuna ciwo. Washegari muka ga a kwamfuta injin ya tashi daga fadama, ya zagaya bayan gari, ya kwanta da azahar. Oga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in hau mota in gano.

Na tarar da injin a mace, fankarsa ta tsage. Na'urar kuwa tana rataye a wuyan bajimin Alhaji.

Na ce, "Baba, me ya kawo wannan nan?"

Ya ce, "Yaro, ku kunka ce tana faɗin inda abu yake, da in ba shi da lafiya. Wa ka satar wanga tsohon inji? Sa aka sata."

Na auna fankar da wayar hannuna, na tura awon Bodinga, aka buga, kafin magariba sabuwar ta iso a keke napep. Ruwa ya koma fadama, ko da yake kunya biyu na albasa sun riga sun ƙone.

Alhaji ya ƙi cire na'urar, dole muka liƙa wa injin wata. Da zan tafi ya riƙe hannuna, da gaskensa, ya tambaya ko injin ɗab'inmu na buga ƙahon sa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: duk abin da kuka ba manomi, kan abin da ya fi tsoron rasawa zai ɗora shi. Ku tambaye shi mene ne kafin ku baro gonar.