Ɗigo Uku a Fuskar Rediyon Malam

Rediyon maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, akwatin katako ne mai yadi a gaba da gilashi cike da lambobi. A kasuwar Tsafe ya saye shi, shekarar da muka yi rufin kwano. Ni ban taɓa shiga aji ba, lambobin nan sawun kaji ne a wurina. Da ya ga kullum sai na jira ya dawo gona kafin in ji komai, sai ya tsoma tsinken tsintsiya a ragowar shuɗin fentin ƙofa, ya yi mini ɗigo uku a kan gilashin. Na farko labaran safe, na biyu tafsiri, na uku masu gaishe-gaishe. Ya ce, "In allura ta hau ɗigo, ki janye hannu." Tun daga ranar ban sake roƙon kowa ya kamo mini tasha ba.

Bayan rasuwarsa igiyar allurar ta tsinke. In murɗa, in murɗa, allura na tsaye kamar jakin da ya yi gardama.

Babban ɗana, da ke zaune a Damba cikin Gusau, yana da wata lalura: tara tsofaffin rediyoyi. Ɗaki guda ya ware musu. Har Bungudu yake zuwa yana sallama gidajen mutane, ko kakansu ya bar akwati. Na daɗe ina lura da yadda yake zagaya na ubansa kamar kaza a gindin rumbu.

"Inna, ki ba ni shi in kai wa mai gyarana."

Na ce, "Ciki ke ciwo. A gyara ciki, kar a taɓa mai fuska."

"To, Inna," ya ce, idonsa na kan waya. Wannan "to" ɗin, da na sani da na bi shi tun ranar.

Sati uku shiru. Na yafa mayafi na hau mota zuwa Gusau, na sa ɗan nawa ya kai ni shagon da ƙafata. Mai gyaran dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare, wayoyi har kan kafaɗarsa. Yana ganina ya washe baki.

"Hajiya, zo ki ga amarya!"

Ya yaye ƙyalle. Gaskiya katako na sheƙi, an sa sabon yadi, allura na tafiya sumul. Gilashi kuwa fes, kamar ba a taɓa zama da shi a gidan kowa ba.

"Ina ɗigona?"

"Wane ɗigo? Au, dattin nan? Wuni guda na yi da reza da kananzir. Wani maras aikin yi ne ya ɓata gilashi mai kyau."

Na ce, "Wanga maras aikin yi, shi ya noma hatsin da ya raini wanda ya kawo maka aikin."

Ya cire tabarau. "Subhanallahi. Wallahi, Hajiya, ba a hwaɗa min ba."

Na juya na dubi ɗana. Ya kama sosa ƙeya, mutum da furfura a gemu.

"Inna, ai lambobin na nan, sai in nuna miki."

"Abin da ban koya ba ina budurwa, yau a tsaye cikin shago zan koya?"

"Ko ki bar shi wurina, in zuba miki duk tashoshin a waya."

Nan na gane ya riga ya share masa wuri a kan kanta, tsakanin 'yan'uwansa da ba mai kunna su. Na ce a naɗe mini abina. A cinya na riƙo shi har Tsafe, ban bari an sa shi a but ɗin mota ba.

Kwana huɗu ina murɗawa da hantsi, ba abin da nake ji sai ƙara da yaren da ban sani ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, wai in bari ta turo mai karatu. Na ce ta kula da tukunyarta. Rana ta biyar muryar mai labarai ta fito. Na tsaya cik, na ɗauko fenti da tsinke. Ɗigon ya fito ƙato, ya zarto ƙasa kamar majina. Na Malam ƙanana ne, daidai wa daida, kamar ƙwayar gero.

Tafsirin ma na same shi bayan sati. Na uku har yau ban gano ba. Mai gyaran ya aiko wai wataƙila masu gaishe-gaishen sun tashi daga wurin. Wataƙila. Da ɗigon na nan, da na san ko su suka tashi ko ni na ɓace.

Ran Juma'a ɗana ya zo gaisuwa. Ya ga fentina a gilashi, ya buɗe baki, na ga yatsansa ya nufi wurin.

Na ce, "Taɓa ka gani."

Ya mayar da hannunsa aljihu.