Tarwaɗar Buba

Ranar wata Alhamis ce da la'asar, gero ya fara fitar da kai, a shekarar da nake aji biyar na firamare, Buba ya jawo tarwaɗar da har yau ban sake ganin irinta ba. Muna zaune a bakin Gurbin Giyayya, wani wuri mai zurfi a gulbin bayan ƙauyenmu kusa da Zakka, tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Sai na ga gorar fatsarsa ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa. Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba, ya dai kafe dugadugansa cikin laka yana ja yana saki, har tarwaɗar ta gaji ta fito, baƙa wuluk, gashin bakinta na rawa, tsawonta ya kusa kai hannuna tun daga kafaɗa. Ni kuwa 'yar karfasa ɗaya ce a gwangwanina. Na ce masa barka, amma wallahi ji na yi kamar an zuba mini barkono a ƙirji.

Mu bakwai ne a lokacin, kuma mun sa wa kanmu suna Ƙungiyar 'Yan Fatsa. Alhamis da Juma'a da yamma, da yake babu makarantar allo, kowa kan yi sauri ya yanko wa tumaki ciyawa, ya cika randunan gida, ya dawo da kwanukan abincin gona, sannan mu haɗu a gindin giyayya. Ƙugiya sai an roƙi mai zuwa kasuwar Batsari ya sayo, wanda bai samu ba ya lanƙwasa allurar uwarsa a wuta ya sha duka daga baya. Zare na tsohon buhu ne, guntun kara shi ke yawo a kan ruwa ya gaya maka kifi ya taɓa, tana kuwa a makwararar bayan gida muke tono ta. Shugabanmu Lawwali, wanda ya girme mu duka, shi ke riƙe da karan awo, wani kauri-kaurin karan dawa da yake yi wa tsaga da reza. Dokarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta: “Kifin da bai hau kara ba, ba a kama shi ba.” Wanda tsagarsa ta fi ta kowa nisa a ƙarshen damina shi ne Sarkin Fatsa, shi ke zama a kan falalen dutsen da ke daidai zurfin gurbin duk shekara mai zuwa. Shekara biyu ina zuwa na biyu. A wannan daminar tsagata ce a sama, kuma saura sati uku a rufe.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na kawo Buba ƙungiyar. Rugarsu na tsallaken gulbi, innarsa ce ke kawo wa gidanmu nono, shi kuma nan yake shayar da shanu. Ranar farko ko soka tana a ƙugiya bai iya ba, ƙyanƙyaminta ma yake yi, ni na riƙe masa hannu. Ba a yi wata guda ba ya wuce mu duka. Yaron da ya saba wuni a tsaye bayan shanu, zama shiru ba komai ba ne a wurinsa, mu kuwa minti biyar ya yi yawa mu ɗaga ƙugiya mu duba. Sai ga yaran da a da ni suke tambaya sun koma gefensa suna leƙen yadda yake jefa zare. Na karɓe wurin zamansa, ya koma nawa ya ci gaba da kamu. Na ari gorarsa, ba ta kama mini komai ba. Har addu'a na yi a raina cewa Allah ya sa su tashi su bi shanu kudu.

To, ranar tarwaɗar nan Lawwali bai iso da wuri ba, an tsayar da shi a gona, sauran kuma suna can sama suna tonon tana. Buba ya ciro igiya daga wuyansa, ya zura ta kunnen kifin ta fito ta baki, ya ɗaure a saiwar giyayya, ya mayar da tarwaɗar ruwa don kada ta mutu kafin a auna. Can sai muka hango shanunsa sun doshi gonar dawar wani. Ya zari sandarsa yana cewa, “Kaɗo, duba mini ita.” Haka yake kirana don tsokana, wato Bahaushe a bakin Fulani. Na zauna ina kallon igiyar tana motsi, ina lissafa inda tsagarsa za ta tsaya a kan kara, ina ganinsa zaune a kan dutsena. Ban yanka ba, don kada a gane. Na durƙusa na yi ta fama da ƙullin da farce da haƙori har ya saki. Tarwaɗar ta tsaya jim kaɗan a cikin ruwan kamar ba ta yarda ba, sannan ta kaɗa wutsiya ta nutse.

Da ya dawo na ce masa fizgewa ta yi. Ya ɗago igiyar ya duba, ya dube ni, ya naɗe ta a wuyansa. Lawwali ya tambaye ni girmanta, tunda ni kaɗai na gani, na ce, “Babba ce, amma ba ta kai yadda yake faɗi ba.” Shi ke nan, bayan sati uku na zama Sarkin Fatsa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin hawa dutsen nan, har tafiyata ta canza. Sai dai duk daminar da ta biyo, ina bisa dutse, Buba na ƙasa cikin laka, kuma gwangwaninsa ya fi nawa nauyi. Kafin a rufe awo na tafi sakandare, ƙungiya ta watse.

Bana, da hanya ta ɗan yi sauƙin bi, na hau babur daga Batsari inda nake koyarwa, na je ganin gida, na zarce gurbin. Yashi ya cinye shi. Giyayya an sare ta, masu lambu sun haƙa rijiyoyi a tsakiyar gulbi injinansu na ta ƙara, dutsen nan da na sayar da mutuncina saboda shi ya nutse saura kamar faifai. A gefe wani mai furfura yana shayar da shanu huɗu a bokiti, na gane shi ta tsayuwarsa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, iyali, dabbobi, waɗanda suka rasu har da Lawwali. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce, “Buba, ka tuna tarwaɗar nan? Akwai maganar da ban taɓa faɗa maka ba.”

Ya yi dariya har ya dogara da sanda. “Malam Sada, ƙullin dangwali na yi mata fa, wanda muke ɗaure maruƙa da shi. Maraƙi ma bai kwance shi, bare kifi. Tun ranar na sani.”

Na ce, “To me ya hana ka faɗa?”

“Da na faɗa, Lawwali korarka zai yi. Kai ka kawo ni, kai ka koya mini. Wa zan zauna kusa da shi?”

Ya juya ya ci gaba da zuba wa shanunsa ruwa, kamar maganar farashin dusa muka yi. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da kifin nan a ƙirjina, Buba kuwa tun a yammacin ya sake shi, ya tafi gida ya sha nono. Na zo ina tsammanin in same shi ƙasa da ni, ni mai albashi da babur, shi mai shanu huɗu, in roƙi gafara daga sama. Na tsaya a kan ɗan abin da ya rage na dutsena ina kallonsa, sai na ji barkonon nan ya dawo ƙirjina daidai inda yake a da.

Ruwan ya tafi, kifin ya tafi, amma Buba har yanzu ya fi ni.