Yaron da Ba Ya Amsa Kira

Shekarun da Nasara suka buɗe lakwal, wato makarantar boko, a Matameye, ni ne mai taimakon Mushe, malamin da aka turo mana daga bakin teku. Shi ba ya jin Hausa, ni kuwa Faransancina na neman tuwo ne. Duk yaron da ya daina cin abinci, ko yake fitsarin kwance, ko ya tsere aka kamo shi, ni ake turo wa in gano abin da ke cin ransa. Aikin ko suna ba shi da shi.

Akwai wani yaro daga wani ƙauye wajen Dungu, a takarda ɗan mai gari ne. Kullum da safe Mushe ya kira sunansa, yaro ya yi shiru kamar ba da shi ake ba, sai bulala. Ran nan Mushe ya ce in duba masa, kurma ne ko dolo.

Na ja shi gindin tsamiya bayan aji, kwana uku muna ɓare gyaɗa ban tambaye shi komai ba. A rana ta huɗu ya ce, "Baba, in na gaya maka, ba ka faɗa wa kowa?" Na yi saurin yin alkawari.

"Ba sunana ba ne, na ɗan mai gari ne. Shi aka ɓoye a rumbu, aka kawo ni. An ce in na tona, a karɓe gonar babana."

Nan na rasa inda zan sa kaina. In na gaya wa Mushe, magana ta kai ga kumandan, Baturen mulki, mai gari ya huce a kan talaka. In na yi shiru, yaro ya yi ta shan bulala.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fi mini sauƙi na zaɓa. Kullum da la'asar in kira shi da sunan aro, in ya amsa in ba shi ƙuli-ƙuli. Cikin wata guda ya ƙware. Mushe ya yaba mini, wai na gyara kan yaro, ni kuma kunya ta cika ni.

Bayan kaka biyu uwarsa ta zo cin kasuwa, ta tsaya bakin dangar lakwal ta kira shi da sunansa na yanka, har sau uku. Ina tsaye kusa da shi. Bai waiwaya ba. Ni ya ɗaga kai ya duba, yana jira in ce masa ya yi daidai.