Sunan da Inna Dije ta tafi da shi

Bana shekara ashirin da rasuwar kakata Inna Dije, kuma sai watan jiya na gane abin da muka binne tare da ita.

An yi mini jikan fari, namiji. Ɗana Sani ya ce ni zan zaɓi suna. Na ce ai ba wuya, sunan tushenmu za a sa, mutumin da ya fara kawo zuriyarmu Yamai. Shi ne aka kamo daga ƙasar Gobir zamanin da Nasara suka shigo, aka ɗora masa kayan kumandan sojansu, ya gudu a hanya, ya ɓuya a bakin kogi cikin masu garka, wato lambu, a Gamkalley. Duk gidanmu an san labarin. Da na zauna in rubuta sunansa, da hannun nan nawa da bai daɗe da koyon riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci ba, sai na tsaya. Ban san sunan ba.

Inna Dije matar ɗansa ce. Ta yi masa tuwo, ta yi jinyarsa har ya cika. Amma suruki ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Mai Garka take cewa. Ina yaro na taɓa matsa mata, ta ɗaga muciya ta ce, “Kai, marar kunya! So kake in faɗi a ce na haukace?”

Na ce to, a bi ta takwarorinsa. Akwai Baba Ƙarami, tela a Wadata, wanda aka ce sunan tsohon ya ci. Na same shi a kan keke. Ya ce, “Isufu mana. Ni ne shaida.” Na kira ’yan uwanmu na Maradi, su ma suna da nasu Baban, su ma sun rantse takwaransa ne, shi kuwa Mamman. Wata gwaggonmu ta ce duka gaskiya ne, da ya gudu ya canza suna don kada a kama shi. Na ce wanne ne na yanka? Ta ce, “Ni ma jika ce, wa zai gaya mini?”

Ina ta tunanin me Inna za ta ce da ta ga zamanin da yara ke kiran sunan uban miji a waya ba ko ɗar. Wataƙila ta toshe kunne. Wataƙila kuma ta yi mini dariya, ga ƙato da furfura yana yawon neman abin da ta riƙe a baki shekara da shekaru. Har yau ban sani ba, girmama shi ta yi ko ɓatar mana da shi.

Ranar suna liman ya sunkuyo yana jira. Na ce Isufu, zuciyata na cewa Mamman. Aka shafa fatiha.

Kafin a gama rabon goro, na ji matar Sani daga ɗaki tana rarrashin jaririn. Ba ta taɓa ganin Inna Dije ba. Cewa take, “Yi shiru, Mai Garka, yi shiru.”